Littafin garejina, daga gindin dalbejiya

Juma'a, 5 ga Mayu, 2023

Yau na biya kuɗin hayar fili na shekara ɗaya. Wani kango ne a bakin titi a nan Kano, mai katanga ta ɓangare uku, da dalbejiya ɗaya a tsakiya. Idan aka jera motoci da dabara zai ci shida. Babu rumfa, babu ramin shiga ƙarƙashin mota, ruwa ma sai an saya a wurin 'yan garuwa.

Shekara 13 na yi a hannun Ogana. Na shiga wurinsa ina wanke noti da fetur a cikin gwangwani, na fito ina sauke inji in haɗa shi ni kaɗai. Da na je yi masa sallama ranar Laraba, bai yi dogon magana ba. Ya shiga ɗakin kaya ya ɗauko sifana mai awon ɗauri, wadda shi kansa ba ya bari yara su taɓa, ya miƙo mini. Ya ce, "Ka riƙe amana, ka ji? Mai mota ba ya ganin abin da ke cikin inji, amma Allah yana gani." Na durƙusa na karɓa, ya sa mini albarka.

Abin da na mallaka yau: akwatin sifanu biyu, jak biyu, ƙafafun tokare mota guda huɗu, mitar gwada wuta, da na'urar karanta kwamfutar mota da na daɗe ina zubin adashi domin ta. Yara biyu sun biyo ni da izinin iyayensu. Na sayi littafi mai bangon kwali guda biyu, ɗaya na kuɗi da aiki, ɗaya kuma wannan da zan riƙa rubuta yadda abin ke tafiya.

Asabar, 3 ga Yuni, 2023

Mun buɗe ranar 22 ga Mayu. Kwana bakwai bayan nan, ranar Litinin 29 ga wata, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsar da shi cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin Laraba litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. Titinmu ya yi shiru kamar ranar tsaftar muhalli. Mutane sun jingine motoci a gida sun koma adaidaita sahu da mashin.

Mota huɗu kacal muka gani a wannan mako, kuma uku daga ciki tambayarsu ɗaya: "Malam, ko akwai abin da za ka yi mata ta rage shan mai?" Na gaya wa yaran su saurari wannan tambayar da kyau, domin ita ce za ta ciyar da mu a bana.

Asabar, 24 ga Yuni, 2023

Wannan makon na samu aikin da nake so in rubuta dalla-dalla, saboda shi ne dalilin da ya sa na buɗe wurin nan.

Wata Hajiya, malamar makarantar sakandare, ta kawo Corolla ƙirar 2005. Motar tana karkarwa a tsaye, tana shaƙewa idan aka taka totur, fitilar inji tana ƙyaftawa. Ta buɗe but ta nuna mini leda cike da kaya: filogi huɗu, famfon mai, da nozul. Duk an canza mata su a wurare biyu cikin wata guda, kuma motar tana nan yadda take. Ta ce, "Ɗana, ni dai na gaji. In injin ne ya mutu ka faɗa mini in haƙura."

Na ce, "Hajiya, ki ba ni minti ashirin, ba zan kwance komai ba tukuna."

A ƙarƙashin sitiyari akwai wata 'yar kafa mai baki 16. Tun daga 1996 duk motar da aka yi domin kasuwar Amurka dole ta zo da ita, Turai kuma suka wajabta ta ga motocin fetur daga 2001, shi ya sa kusan duk tokumbon da ke yawo a Kano tana da ita. Na jona na'ura, ta ba ni P0302. Ma'anarsa silinda ta biyu ba ta ƙona mai yadda ya kamata. To, a nan ne mutane da yawa suke kuskure da na'urar nan. Ba ta ce filogi ba, ba ta ce kwal, wato abin da ke ba filogi wuta ba, ba ta ce nozul ba. Ɗakin da matsalar take kawai ta nuna, shiga ɗakin kuwa aikin bakanike ne.

Na kira babban yarona na ce ya cire kwal ɗin silinda ta biyu ya musanya shi da na ta uku. Noti ɗaya ne mai lamba 10 a kan kowanne. Muka goge lambar, muka tayar da mota, muka zaga da ita unguwa. Da na sake dubawa sai ga P0303. Cutar ta bi kwal ɗin ta koma silinda ta uku. Na nuna wa Hajiya da idonta, na yi mata bayani da misalin fitilar ɗaki: in kika mayar da ƙwan fitila wani ɗaki duhu ya bi shi, ai ba wayar gida ce ta lalace ba.

Kwal ɗaya muka saya a kasuwar Ƙofar Ruwa. Na rubuta mata takarda, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, na sa tsohon kwal a leda na ba ta. Ta tsaya tana juya takardar, ta ce tunda take tuƙi ba a taɓa ba ta irinta ba. Famfon mai ɗinta na asali da aka cire kuwa lafiyarsa ƙalau, kuma ya fi wanda aka sa mata inganci. Na ce ta adana shi.

Daga yau dokar wurin nan ke nan: ba a canza kaya sai an gwada an tabbatar, kuma duk abin da aka cire na mai mota ne. Sallah ranar Laraba, za mu rufe kwana uku.

Juma'a, 21 ga Yuli, 2023

Mai ya sake tashi a makon nan, ya haura 600. Amma abin da ya fi damuna yana cikin littafin kuɗi. Na zauna na haɗa lissafin wata biyu, sai na ga kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikina yana waje, kuma duk a hannun waɗanda nake jin nauyinsu: ɗan'uwan mahaifiyata, abokin ƙuruciya, maƙwabci da muke sallah sahu ɗaya. "Zan turo maka da yamma" ita ce kalmar, yamma kuma ba ta zuwa.

Na yanke abu biyu. Kuɗin kaya sai an biya kafin in aika kasuwa, ko wane ne. Kuɗin aiki zan iya ɗaga ƙafa, amma sai an rubuta, mutum ya gani. Na biyu, na buɗe asusun banki na gareji shi kaɗai, na yanka wa kaina abin da zan riƙa ɗauka duk Alhamis. A da da hannu ɗaya nake karɓar kuɗin birki in sayi cefane, in dare ya yi in rasa inda kuɗin suka shiga.

Kawu bai ji daɗi ba da na ce ya fara ba da kuɗin kaya. Na bi shi gida da daddare na yi masa bayani cikin ladabi, na ce, "Kawu, kuɗin nan ba nawa ba ne, na mai shago ne a kasuwa, in na ci bashinsa gobe ba zai ba yarona kaya ba." Ya yi shiru, can ya ce Allah ya yi wa sana'ar albarka.

Asabar, 19 ga Agusta, 2023

Damina ta nuna mana cewa dalbejiya ba rumfa ba ce. Kwana uku a makon jiya ba mu iya kwanciya ƙarƙashin mota ba saboda taɓo. Na sayi kwano bandir biyu da ƙarafan tsaye, mai walda ya kafa mana rumfar da za ta rufe mota biyu. An zuba marmara a ƙasa.

An jawo mana Accord da igiya. Mai ita ya shiga ruwan da ya kwanta a kan titi, ta mutu a tsakiya, shi kuma ya yi ta murza makulli. Da muka cire filogi muka juya injin, ruwa ya yi tsalle daga ramuka biyu. Iska tana matsuwa a cikin silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, saboda haka sandar fistin ɗaya ta lanƙwashe. Da ya bar ta a kashe aka tura ta waje, da aikin bai wuce busar da ita da canza baƙin mai ba. Yanzu sai an sauke inji.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar an rufe iyaka. Direbobi biyu da suke jigilar Maraɗi, waɗanda suka fara kawo mini Golf ɗinsu, sun daina zuwa. Na kira ɗaya, ya ce motar tana ajiye a Jibiya.

Juma'a, 13 ga Oktoba, 2023

Na daɗe ban rubuta ba, domin abin da ya faru ya yi mini nauyi. Laifina ne, kuma gara in rubuta shi yadda yake.

A farkon Satumba wani Alhaji ɗan kasuwa ya kawo Camry ƙirar 2004, wadda ake kira Big Daddy, tana zafi tana cinye ruwa. Na gwada, gasket ɗin kan inji ya ƙone. Na sauke kan, na kai aka goge shi ya daidaita, na sa sabon gasket, na ɗaure da sifanar awo bisa tsari, daga tsakiya zuwa waje. Lokacin ɗaurin, noti ɗaya na baya ya ba ni wani irin laushi a hannu. Ya ɗauru, amma ba da irin ƙarfin 'yan'uwansa ba. Na ji shi sarai. Magariba ta gabato, Alhaji yana ta kira zai yi tafiya Kaduna da safe, sai na ce wa zuciyata ai ya kama.

Kwana 16 motar ta yi. Ta tsaya masa bayan Kwanar Dangora da iyali a ciki, tururi yana tashi.

Injin wannan Camry, 2AZ-FE, bulok ɗinsa na alminiyam ne, kuma sananne ne cewa zaren ramukan notin baya yakan cinye, musamman in injin ya taɓa yin zafi. Na san wannan. Ogana ya taɓa nuna mini. Maganinsa shi ne a faɗaɗa ramin a dasa masa hannun riga na ƙarfe mai sabon zare, kafin a mayar da kan. Aikin yini ɗaya ne da na tsallake don kada in ce wa mutum ya ɗaga tafiyarsa.

Na ɗauki motar ja da kuɗina na je na ɗauko ta. Alhaji yana tsaye a bakin gareji, ransa a ɓace, ya ce, "Ai an gaya mini ku duk ɗaya ne." Babban yarona ya matso yana raɗa mini in ce gasket ɗin ne jabu, tunda ba wanda zai gane. Na ce masa ya koma bakin aikinsa. Na ce, "Alhaji, kayan da aka sayo ba su da laifi. Ni na ji alamar matsala na rufe a kanta saboda gaggawa. Ka yi haƙuri. Duk abin da aikin nan zai ci a wuyana yake."

An dasa sabon zare a ramuka goma gaba ɗaya, ba na bayan kaɗai ba. Sabon gasket, sababbin noti, baƙin mai, ruwan sanyaya inji. Ribar wata guda da rabi ta tafi, kuɗin da na tara domin haƙa rami. Na riƙe motar kwana biyu bayan an gama ina zagayawa da ita har Wudil in dawo, ina duba ruwa da safe kafin a tayar.

Da ya zo ɗauka bai ce komai ba, ya karɓi makulli ya tafi. Na ɗauka shi ke nan. Shekaranjiya sai ga direbansa da motar uwargida, wai Alhaji ya ce a duba birki. Ban san abin da ke zuciyarsa ba, amma na yi birkin da hannuna.

Na ƙara wa wurin nan doka: mai mota ba ya sa mini lokacin rufe inji. Wanda yake sauri ya ɗauki haya.

Asabar, 4 ga Nuwamba, 2023

Wani mutum ya riƙa zuwa da yamma a kan mashin yana zama da ƙaramin yarona, yana saya masa shayi. Ashe mai sayen indomi ne. Ba taliyar da ake ci ba, ina nufin wannan abin mai kama da saƙar zuma da ke cikin tukunyar salansa, wanda ke tace hayaƙi. Akwai ƙarafa masu tsada a jikinsa, irin su filatinam da faladiyam, shi ya sa ake farautarsa. Yadda ake yi, a kwance salansa da sunan gyara, a fasa a zazzage, a mayar da fanko. Mai mota sai daga baya ya ji ƙara ta canza, hayaƙi yana wari, fitilar inji ta kama da lambar P0420.

Yaron da kansa ya zo ya same ni bayan la'asar, yana sunkuyar da kai, ya ce, "Oga, mutumin nan ya ce in ciro masa na Accord ɗin can zai ba ni kuɗi, wai ba za ka sani ba." Kuɗin da aka ambata masa ya fi abin da nake ba shi a wata biyu. Shekararsa 16.

Na sallami mai mashin, na ce kada ya sake tsayawa a nan. Amma na kwana ina tunani. Ni ma na yi zaman yaron gareji, na san yunwar ƙarfe uku na rana, na san yadda ake ƙara ɗari biyar a kan kuɗin kaya in an aike ka kasuwa domin ba ka da wata hanya. Ba zan ce su riƙe amana alhali cikinsu babu komai ba. Daga wannan mako abincin rana a kaina yake, kuɗin mota kullum, sannan duk aikin da yaro ya yi da hannunsa daga farko har ƙarshe yana da kaso a kuɗin aikin, a rubuce. Ƙaramin kuma zai riƙa tashi ƙarfe huɗu ya tafi makarantar yamma. Wanda bai iya karatu ba ba zai iya gyaran motocin da ke shigowa yanzu ba.

Juma'a, 12 ga Janairu, 2024

Hunturu ya kankama, ƙura har cikin kofin shayi. Motoci biyar a mako biyu da ciwo iri ɗaya: rashin ƙarfi, shan mai, wani lokaci P0171, wato iska ta rinjayi mai. A huɗu daga ciki matsalar 'yar na'urar auna iska ce da ke bayan matatar iska. Wata siririyar waya ce a ciki da ake ɗumamawa da wuta, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka kwamfuta ke sanin yawan man da za ta saki. In ƙura ta lulluɓe wayar sai lissafin ya karkace. Fesa mata maganin wankinta kawai ake yi, a bar ta ta bushe, ba a taɓa ta da tsinke ko tsumma. Ta biyar ɗin kuwa robar iska ce ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, sai da na lanƙwasa ta tsagar ta buɗe baki.

Tushen abin matatar iska ce. Mutane sun saba a busa ta da iskar mai faci a mayar, shekara da shekaru, har takardar ta huje. Yanzu nakan ɗaga ta a rana in nuna wa mai mota hasken da ke ratsowa.

Batun baƙin mai ma muna ta fama. Kowa ya saba da 20W-50, wai mai kauri shi ne mai ƙarfi. Ya dace da Peugeot 504 da tsofaffin injina da suka saki. Amma Corolla irin ta Hajiya 5W-30 aka rubuta mata, kuma sau da yawa yana nan a kan murfin zuba man. Injin yana da ƙananan hanyoyi da mai ke bi ya motsa na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul, mai kauri da sanyin asuba ba ya isa can da wuri. Ga kuma jabu da ya cika kasuwa, tsohon mai a sabuwar jarka. Na tsaya a kan dila ɗaya, kuma a gaban mai mota ake fasa hatimin jarka. Tsohon man muna tara shi a duro, masu buga bulo da kafintoci masu shafa wa katako saboda gara suna saye. Ba a zubar da ko kofi ɗaya a kwata.

Asabar, 24 ga Fabrairu, 2024

Dala ta haura naira 1,500. Kusan duk abin da muke ɗaurawa a mota daga waje yake zuwa, ko sabo ɗan China, ko Beljiyam da ake kwancewa daga motocin Turai da Amurka a shigo da su ta Legas, a raba daga kasuwar Ladipo zuwa nan. Farashin safe daban, na yamma daban. Na faɗa wa wani malami kuɗin shokoba ranar Litinin, ya haɗo kuɗin ranar Alhamis, yarona ya je kasuwa ya kira ni wai an ƙara. Kunya ta kama ni kamar ni na ƙara.

Yanzu a ƙasan kowace takarda ina rubuta cewa kuɗin kaya na yau ne kawai. In kayan mai tsada ne, yaro yana kiran mai mota daga cikin shagon, ya ji farashi daga bakin mai sayarwa, ya tura kuɗin kai tsaye. Na rasa 'yar ribar da ake samu a kan kaya, sai na ƙara kuɗin aikina a fili. Wasu sun yi ƙorafi, mutum biyu sun tafi. Ni dai na fi son a ce aikina da tsada da a ce ina cin kuɗin kaya.

Nakan ba mutum zaɓi uku in akwai: na kamfani, Beljiyam, ko ɗan China, in faɗa masa abin da na sani game da kowanne. Amma a birki da abin da ya shafi sitiyari ba na ɗaura mai araha ko an roƙe ni.

Asabar, 23 ga Maris, 2024

Azumi ya kai 13. Muna fitowa bayan asuba, aiki mai nauyi kafin sha biyu, daga azahar sai ƙananan abubuwa. An buɗe iyakar Nijar, ɗaya daga direbobin Maraɗi ya dawo da Golf ɗinsa da ta yi wata bakwai a ajiye. Batir ya mutu, man tanki ya yi tsami, birkin baya ya kama. Ya kawo mana dabino da cuku.

Juma'a, 19 ga Afrilu, 2024

Zafi ya wuce 40 a ma'auni, lokacin motoci masu tafasa ke nan. Kusan duk wadda ta shigo sai in tarar an cire mata tamostat, an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga murza makulli. Hujjar da ake bayarwa ita ce wai na ƙasar sanyi ne. Ni ma haka aka koya mini da farko, kuma na cire su da yawa da hannuna kafin in gane.

Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aikinsa, a yawancin Toyota wajen digiri 82, sannan ta buɗe ya wuce lagireto. In babu ita injin yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safe da lokacin hunturu, kwamfuta kuma tana ganin sanyi sai ta riƙa ƙara mai. Ga mutum yana kukan tsadar fetur, ga motarsa tana sha fiye da ƙima saboda abin da aka cire mata. Kuma ainihin abin da ya sa ta zafi tun farko yana nan ba a taɓa shi ba: lagireto da ruwan rijiya ya toshe da tsatsa da gishiri, ko murfin da ya daina riƙe matsi, ko fanka mai rauni, ko famfon ruwa da fukafukansa suka cinye.

Wani direban Sharon mai zuwa Jos ya yi mini gardama sosai. Ya ce, "Oga, shekara ashirin ina kan hanya, ban taɓa barin wannan abin a mota ba." Na ce, "Direba, ka fi ni sanin hanya. Mu yi haka: in wanke lagireto, in sa murfi sabo, in mayar da tamostat, in gyara fankar ta riƙa tashi da kanta. Ka yi sawu uku kana rubuta man da ka sha. In ta yi zafi ko ba ka ga bambanci ba, in cire maka kyauta." Ya yi sawu biyu zuwa yanzu, allurar zafi tana tsaye a tsakiya har hawan Jos. Lissafin man bai kawo ba tukuna, ya ce sai ya cika ukun.

Asabar, 8 ga Yuni, 2024

Na sabunta haya, mai fili ya ƙara kuɗi amma ya yarda a haƙa rami. An fara ranar Talata: tsawo taku goma sha biyu, zurfi daidai kafaɗata, za a gina gefen da bulo a yi matakala. Har ya zuwa yanzu da jak da ƙafafun tokare muke aiki, kuma ban taɓa yarda yaro ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai ko kan dutse ba. Yara sun zama huɗu. Babban yanzu shi ke karɓar mota ya jona na'ura ya rubuta abin da ya gani kafin in zo in duba. Ranar Laraba ya gano altaneta mai rauni da mita, ya ga ƙarfin wuta bai kai volt 13 ba alhali inji yana aiki, maimakon tsohuwar dabarar cire kan batir da ke iya ƙona kwamfutar mota.

Tambayar da ta fi yawa yanzu ita ce ta gas. Tun bara gwamnatin tarayya ta kafa shirin mayar da motoci su yi aiki da CNG, wato iskar gas da ake matsewa a cikin tukunya, direbobin haya kuma suna son su sani ko zan iya. Na ce musu ban koya ba tukuna, kuma ba zan taɓa ba sai na koya. Tukunyar CNG tana ɗaukar matsi har 200 a ma'aunin matsi da ake kira bar, ta girki kuwa ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Wani ya zo da shawarar a yi masa da tukunyar da mai walda zai haɗa, na roƙe shi don Allah ya bar wannan tunani. Ina neman inda ake horarwa da takardar shaida, in rami ya kammala kuɗin da zai biyo baya can zai tafi.

Na kai wa Ogana ziyara jiya bayan Juma'a, na tafi masa da littafin aiki ya gani. Ya daɗe a kan shafin Camry. Ya tambaye ni ko sifanar tana nan daidai, na ce tana nan, ya ce in riƙa sassauta ta zuwa ƙasa bayan kowane aiki don kada awonta ya gudu.

Babbar Sallah saura kwana takwas, masu tafiya gida sun fara layi. Motoci bakwai ne a hannunmu yau, wurin shida, ɗaya tana waje a bakin titi. Hajiya mai Corolla ta turo 'yar'uwarta da wata Accord mai fizgar giya, na duba na tarar man giyar da aka zuba mata ba irin na Honda ba ne. Gobe da safe za mu zubar mu sa nata, mu zaga da ita, kafin in ce komai game da giyar kanta. Mai ginin rami ya ce siminti buhu huɗu zai ƙara, Litinin za a kawo.